Tarwaɗa Talatin daga Dabar Rimi

A cikin 'yan Najeriyar da ke zaune a Alƙahira, in ka ji an ce Malam Kifi, to Badamasi Abdurrahim ake nufi. Kowa ka gani ko karatun addini ya kawo shi Masar ko aikin ofishin jakadanci, shi kaɗai ne ya tsallako hamada don ya leƙa cikin kunnen tarwaɗa. In ya faɗi haka a wurin suna ko walima, mutane kan yi dariya, sannan su yi shiru suna jiran ya faɗi ainihin abin da yake karantawa. Ba ya ƙara komai, domin iyakar gaskiyar ke nan.

Ɗan masunta ne na Dabar Rimi, wani ƙauye a cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, baffansa Ɗanjuma, Sarkin Ruwan garin, shi ya raine shi. Baffa ya yi iya yinsa ya mai da shi masunci, abin ya faskara. In ya jefa ragar birgi sai ta nannaɗe masa ƙafa, in ya hau kwalekwale sai amai. Ranar da ya faɗa ruwa sau biyu kafin hantsi, Baffa ya tsamo shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan sai boko. Yaron da aka tura makaranta don ya huta da kifi kuwa, da ya kai jami'a bai ga abin karantawa ba sai kifi.

Ya dawo da takardarsa ya tarar da tafkin garinsu yana mutuwa. Ciyawar kacalla ta shaƙe mashigar da ruwa ke bi daga kogi, tafkin da a da ake raba kifi da ƙwarya ya koma kwatamin taɓo da sauro. Masunta sun ce laifin manoman shinkafa ne, manoma sun ce shanun Fulani ne, Fulani sun ce su da suka zo haka suka tarar. Wata ƙungiya mai gyaran fadamu ta ɗauki Badamasi aiki, ya shekara huɗu yana yawo a kan babur daga ruga zuwa ƙauye, yana shan fura a nan yana shan zagi a can, har Allah ya sa Badawa da Hausawa da Mangawa da Fulani suka yarda suka fito gayya ɗaya. Da lauje da adda aka sare kacalla, cikin ruwa iya ƙirji, rani biyu a jere. Damina ta uku ruwa ya shigo, har da tsofaffi masu kuka a bakin gaɓa.

Nan ne ya kawo maganar da ta fi saran kacalla wuya. Ya ce a bar tafkin damina uku ba ragar koma, ba ƙugiya, ba tarkon mali, kifi ya samu ya hayayyafa. Dattawa suka ce sun ji, sun yarda. Badamasi ya ce shi bai yarda da "mun yarda" ba, sai an dafa Alƙur'ani bayan sallar Juma'a, a gaban kowa. Maganar ta yi wa mutane zafi, yaron da aka goya jiya ne yau yake rantsar da masu furfura. Amma Baffa ya miƙe ya fara dafawa, sauran suka bi layi. Bayan damina ɗaya sai ga gurbin ƙarin karatu a Masar ya faɗo wa Badamasi, ya kwashi matarsa Juwairiyya suka sauka a wani ɗan gida a hawa na huɗu a unguwar Hadayek el-Maadi.

Mutumin kirki ne, ba ya rowa, ba ya gulma, amma Allah ya jarrabe shi da zargi. Shekara biyu a Alƙahira, babu ranar da bai raya a ransa cewa ana satar kifin tafkin ba. In ya buga waya gida aka ce lafiya lau, sai ya ce wannan lafiya lau ɗin ta yi yawa. In aka ce wane ya yi sabuwar riga, sai ya tambaya a ina ya samu. Ko yawon shan iska suka fita bakin Nilu, Juwairiyya na kallon jirage masu fitilu, shi yana leƙen ragar masuntan Masar yana ƙunƙuni cewa idanunta sun yi ƙanana. Ya kan ce ai mutanensa ne, ya san su, masunci ba ya ganin kifi na wasa a ruwa ya wuce hannu rabbana. Abin yana cinsa ƙwarai, domin in sun karya rantsuwar nan, shekarunsa shida na wahala sun bi ruwa, kuma babu wanda zai sake fitowa gayya in ya kira.

To akwai hanyar da zai gane ba sai ya tambayi kowa ba, ita ce kuma ainihin karatun nasa. A cikin kan kowace tarwaɗa akwai wani ɗan farin dutse da bai fi ƙwayar shinkafa ba, a wajen kunne. In aka ciro shi, aka goge, aka ɗan gasa, aka sa a madubin ƙara girma, sai a ga zobba a jikinsa irin na kututturen itace, kowace shekara zobe guda. In an kiyaye tafki, za a samu masu zobe biyu da uku. In ana bi ana tsame manya, sai 'yan bana kawai za su rage. Saura wata biyar wa'adi ya cika, ya kira Baffa ya ce a kamo masa tarwaɗa talatin daga tafkin, a yi bandarsu ba tare da an cire kawunansu ba, a ba Nata'ala, wani ɗalibin fiƙihu ɗan Nguru da zai dawo daga hutu. Ya ce na bincike ne, bai faɗi ko binciken wa ba. Baffa ya ce to, Allah ya kai mu.

Saƙon ya iso ranar Alhamis. Badamasi ya ce zai je ya karɓa ranar Juma'a da zarar an sauko, amma motar da ya hau ta maƙale a cunkoso, bai isa Darrasa, unguwar su Nata'ala, ba sai wajen la'asar. Gidan su Nata'ala a hawa na shida yake, kuma babu lif. Tun a hawa na uku ƙanshin miyar banda ya tare shi, ga daddawa, ga attaruhu, irin ƙanshin da ba a ji a Masar sai in wani ya dawo daga gida. Ragowar hawa ukun da gudu ya yi su.

Ɗalibai goma sha ɗaya ya tarar sun kewaye faranti, hannuwa duk manja. Nata'ala ya tashi ya tarbe shi da fara'a, ya ce ya zo a kan gaɓa, bismilla. Da ya ga fuskar baƙon sai ya shiga bayani, cewa goma kacal suka taɓa cikin talatin, kuma ba da ka suka yi ba, sai da aka tattauna mas'alar tun daren jiya. Al'adar da kowa ya sani ita ce abincin da ya zo daga gida, gidan da ya sauka yana da rabo a ciki, al'ada kuwa hujja ce a wurin malamai. Wani ya kawo cewa mai kifin sananne ne da kyauta, don haka izininsa tamkar an ji shi ne. Mutum ɗaya ne ya saɓa, wani dogo mai suna Abdulhadi, wanda ya tsaya a kan sai an jira mai shi. An rinjaye shi, shi ya sa yake ci yana ƙyamar hukuncin. A lokacin yana kan tauna kai na biyu.

"Naman halal ne, ku cinye," in ji Badamasi, yana haki. "Kawunan nake so. Don Allah kowa ya tsaya da tauna."

Kowa ya tsaya cak, bakuna a cike. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da murfin tukunya yana karɓar kawuna kamar mai karɓar sadaka. Ya samu takwas lafiyayyu. Abdulhadi aka miƙa wa kofin shayi, ya zubo abin da ke bakinsa cikin mutunci, Badamasi ya tone da tsinken ashana har ya ga farin dutse guda. Ya sa aka kawo rariyar shayi ya tace ragowar romon da ke tukunya, samari suna kallon miyarsu tana wucewa ta rariya. Da zai tafi, Nata'ala ya rako shi har matakala, ya rage murya ya tambaya ko dutsen nan na ƙarin hadda ne, don jarrabawa ta matso. Badamasi ya tsaya ya yi masa bayanin zobba da shekaru tiryan-tiryan. Nata'ala ya saurara har ƙarshe, ya ce ma'alish, ba komai, Allah ya ba da sa'a, amma ka ga alamar bai yarda an gaya masa duka ba.

Juwairiyya 'yar mai sayar da banda ce a kasuwar Nguru, a cikin hayaƙin kifi ta yi wayo. Da ya ajiye kwalin a tsakar ɗaki ta buɗe, ta ɗaga guda ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Malam, wannan kifin ai..."

"Kada ki taɓa," ya ce. Bai huce daga abin da ya gani a Darrasa ba. "Wannan ba na miya ba ne, na bincike ne. Na gaji da masu ra'ayi a kan kifin nan."

Ta mayar da shi a hankali, ta goge hannunta, ta ce tamam, shi ke nan.

Kan tarwaɗa kuwa ƙashi ne kamar kwalkwali. Ya je kasuwar Ataba ya sayo ɗan ƙaramin zarto da hantsaki, ya kafa tebur a baranda, kullum in ya dawo da yamma ya fasa kawuna uku ko huɗu. Kafin kwana biyu duk magen da ke Hadayek el-Maadi ta samu labari. Suna hawa ta bututun ruwa, suna jeruwa a kan katangar maƙwabta, wasu suna kwana a bakin ƙofa. Isam, mai gadin gidan, ya hau har sau biyu. Na farko ya zo faɗa ne a kan magunan. Na biyu ya ga 'yan fararen duwatsu a jere cikin kwalabe, kowace da lamba, sai ya sassauta, ya nuna gwiwarsa ya ce ta daɗe tana damunsa, ko za a taimaka masa da guda. Naman da ake cirewa kuwa Badamasi ya hana a ci a gidan, ya ce ba zai sa shi a baki ba sai ya san gaskiyarsa. Juwairiyya ta riƙa rabawa matan maƙwabta 'yan Sudan.

Mako uku ya ɗauka yana gogewa da gasawa a ɗakin binciken makarantarsu. Ranar da ya fara dubawa, dutse na farko babu zobe. Na biyu babu. Ya goge madubin, ya goge idonsa, ya ci gaba. Ya duba ashirin da tara, har da wanda ya fito daga bakin Abdulhadi, ko ɗaya bai cika shekara ba. Malamarsa Doktora Nuha ta leƙa, ta dubi dutsen, ta dubi girman ƙoƙon kan da ke gefe, ta ce abin da mamaki, za su zauna a kai gobe, ta wuce taro. Shi bai ga wani abin mamaki ba. Abin da ya shekara biyu yana faɗa ne ya fito a fili.

A cikin jirgin ƙasa ya rubuta abin da zai gaya wa Baffa a bayan wata takarda, ya jera shi ɗaya zuwa bakwai. Ya iso gida ya tarar da Juwairiyya tana tsintar shinkafa, ya tsaya a kanta ya zazzage mata duka. Sun cinye tafkin. Sun dafa littafin Allah sun juya baya sun shiga ruwa. Babu kifin da ya kwana shekara a Dabar Rimi, ga hujja a kwalba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasan ɓacin ran akwai ɗan daɗin nan na mutumin da maganarsa ta tabbata.

Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaya ko yanzu an yarda ta yi magana a kan kifin. Ya ce ta yi.

"Kifin kiwo ne," ta ce. "Na gidan gona, wanda ake ɗura wa abinci a kwatami. Ba ka ga man da ya jiƙa kwalin ba? Ba ka ga duk girmansu ɗaya ba, kamar an ƙera su? Tarwaɗar tafki ba ta yin wannan teɓar, kuma ba ta zuwa kai ɗaya. Innata ko a faifai ɗaya ba ta haɗa su."

Ya fita baranda ya ɗauko ƙoƙon kai guda ya riƙe. Kifin da ya kai damtsen mutum, bai cika shekara ba. Tarwaɗar da ke neman abincinta da kanta ba ta yin haka sai ta shekara biyu ko uku, wannan kuwa ko ɗalibin ajin farko ya sani, shi da kansa ya sha koyar da shi. Ya dawo ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ranar farko.

"Ka ce ba na miya ba ne, na bincike ne. Ni kuwa miya na sani."

Wani da ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi. Badamasi zarginsa sabon wuri ya samu. Ya ce to abin ma ya fi yadda ya zata muni, sun share tafkin ƙarƙaf har ba su samu talatin da za su aiko ba, sai da suka je kasuwa suka sayo don su rufe masa ido. Ya ƙara na takwas a takardarsa, ya yi sallar la'asar a gurguje, ya buga wa Baffa.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyin Masar. Badamasi ya dubi takardarsa, ya ga ba zai iya fara wa Baffa da na ɗaya ba, sai ya ce, "Baffa, kifin nan da aka aiko, ba na tafki ba ne."

"A'a, ba nasa ba ne," in ji Baffa, ko gezau. "Na kasuwar Gashuwa ne. Ni da kaina na je na zaɓo."

"To me ya sa? Na ce daga tafki."

Tsohon ya yi gyaran murya. Ya ce da saƙon ya zo, sun zauna a ƙofar masallaci har sau biyu, da Liman da Arɗon Fulani da sauran waɗanda suka dafa. An juya maganar ta kowace fuska. A ce wa ɗansu da ke wata ƙasa babu, abin kunya ne. A shiga ruwa kuma, rantsuwa ce. Shi ne Arɗo ya ce kifi dai ai kifi ne, tun da karatu za a yi da shi, a saya masa masu kyau.

"Amma Baffa, ni ne fa na nema. Aikin ne."

"Kai ne ka sa muka dafa, Badamasi. Ina gaba kana tsaye. Da ake faɗar rantsuwar ban ji an ce ban da kai ba."

 Badamasi ya tambaya, da wata ƙaramar murya, ko akwai kifi a tafkin.

"Ina zan sani, tun da ba mu taɓa ba? Sai dai in ka tsaya a gaɓa bayan asuba, kana jin su suna bugun ruwa har daga masallaci." Baffa ya ci gaba: "Bara da ambaliya ta cinye shinkafa, an sha wuya. Akwai gidajen da suka yi wata biyu miya ba komai sai kuka da gishiri. Mutane sukan zo bakin ruwan da yamma su zauna, su yi ta kallo, in magariba ta yi su tashi. Ban gaya maka ba don kada karatunka ya rikice. Saura wata uku da kwana tara. In kana son talatin ɗinka, ka zo ranar, kai za ka fara jefawa. Sai dai mu sa wani ya riƙe ka."

Badamasi ya zauna a kan hannun kujera. Mako uku na aikinsa sun tashi a banza, gobe sai ya tsaya gaban Doktora Nuha ya ce shekarun kifin kasuwa ya ƙirga, amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Shekara biyu yana cin shinkafa da kaza a Alƙahira yana kiran mutanen nan ɓarayi a ransa, su kuwa suna zaune da yunwa a bakin ruwa suna tsare masa magana. Kunya ta rufe shi, farin ciki kuma ya cika shi, bai san wanda zai fara ji ba. Ya ninke takardar nan mai abu takwas ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa, kamar Baffa zai iya hangota.

"Kana ji na?" in ji tsohon. "Na ce ya yi daɗi dai ko? Manya na zaɓar maka."

Ko ɓalli ɗaya bai kai bakinsa ba. Ya share idonsa da bakin hannun riga.

"Ya yi daɗi, Baffa," ya ce. "Ya yi daɗi ƙwarai."